Kafin tsohon turken ya faɗo wa yaranmu

A ƙofar gidana, nan Gaffati, akwai wani tsohon turken itace, abin da muke ce wa poto. Masu aikin da suka zo jan sabon layi sun kafa na siminti a gefensa, suka kwashe wayoyi, suka tafi suka bar tsohon a tsaye. Damina biyu ke nan. Gara ta cinye gindinsa, ya karkata wajen hanyar da yara ke bi zuwa makaranta, ga kuma guntuwar waya na lilo a samansa. Kullum sai na ga ɗalibaina sun ɗaura masa igiya suna shillo.

Na yi wa maƙwabta magana, sai suka rabu biyu. Wasu suka ce a bar wa Allah, tunda bai faɗi bara ba. Wasu samari kuma suka ce in ba su gatari, kafin la'asar ya zama itacen girki. Ni a ganina duka biyun kuskure ne.

Masu cewa a bari, su dubi lokacin da iska ke tasowa a ƙasar Damagaram. Guguwar da ke rigan hadari tana zuwa ne daga watan Yuni har Satumba, daidai lokacin babban hutu, yara na waje daga safe har magariba. Itacen da gara ta ci ba ya sallama kafin ya faɗi. Tawakkali gaskiya ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka tukuna.

Masu gatari kuma su sani turke yana da mai shi, ko da ya tsufa. Wanda ya sare shi ba da izini ba, ana iya tuhumarsa da ɓarnar kayan jama'a. Abin da ya fi wannan muni shi ne wayar. Ido ba ya gane wayar da ke ɗauke da wuta. Wadda ake zaton ta mutu tana iya gogar layi mai rai, kuma jiƙaƙƙen itace na kai wuta har ƙasa. Ko an ɗauke wuta a gari, ba wanda ya san minti nawa ya rage a maido ta.

To me za a yi? Farko a gano mai turken. Idan na lantarki ne, ofishin NIGELEC ake nufa. Idan na tsohuwar wayar tarho ne, a tuna SONITEL ta haɗe da SahelCom a 2016 suka zama Niger Telecoms, can za a tambaya. Sannan a ɗauki hotonsa da salula, musamman gindin da kuma wajen da ya karkata. A rubuta takarda mai kwanan wata, a faɗi unguwa da abin da ke kusa, ko makaranta ko masallaci ko rijiya. Mai gari ko mai unguwa ya sa hannu, maƙwabta su sa nasu. A kai kwafi ɗaya ofishin kamfanin, ɗaya ma'aikatar magajin gari, inda kantomomi ke riƙe da aiki tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024. A roƙi a buga hatimi a kan kwafin da za a dawo da shi gida. Maganar baki tana bin iska, ma'aikaci ma ana canja masa wurin aiki. Takarda mai hatimi kuwa tana nan, ita za a nuna a Mirriya ko Zinder idan an ji shiru.

Wani zai ce wannan aikin kamfani ne, don me talaka zai yi ta zirga-zirga? Gaskiya ne, wanda ya kafa sabo ya kamata ya tafi da tsohon ranar nan, kuma hukuma ta sa wannan cikin sharaɗin kowace kwangila. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke zaune a ofis bai ga gindin turken ba.

Malamai ƴan'uwana, a nan muke da rawar takawa. Iyaye da yawa ba sa iya rubuta takardar ƙorafi, mu kuwa aikinmu ke nan. Kafin a tashi hutu, kwamitin makaranta, wato COGES, ya zaga hanyoyin da yara ke bi, ya ƙirga irin waɗannan turaku, a kai ƙorafi ɗaya da sunan makaranta. A aji kuma a gaya wa yara kada su taɓa wayar da ta faɗo, su kira babba.

Tawa takardar na kai, kwafin na cikin jakata. Kafin su zo, mun kewaye turken da ƙaya, na kuma kwance igiyar shillon da hannuna. Allah ya tsare mana zuri'a.