Ɗan Sarkin Da Ya Kira Kwaɗayi Ƙishirwa

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, a wannan makon mun leƙa ƙasashen Indiya da Nepal.

Kimanin shekara 2,500 da suka wuce aka haifi Siddhartha Gautama a Lumbini, garin da yanzu yake cikin Nepal. Ɗan sarki ne, ya tashi cikin daula, amma yana ɗan shekara 29 ya bar fada ya shiga daji neman sanin abin da ke jawo wa ɗan Adam wahala. Shi ne aka kira Buddha daga baya. Amsar da ya bayar ita ce "tanha", wato ƙishirwa a harshen Pali: son abu irin wanda ko ka samu ba ka ƙoshi. Mu ma ai muna cewa kwaɗayi mabuɗin wahala.

Har yau a Tailan da Siri Lanka, mabiyansa masu gudun duniya kayansu ba su wuce mayafi da ƙwaryar karɓar abinci da allura da aska da 'yan ƙananan abubuwa ba. Da sassafe suke fita karɓar sadakar abinci, kuma ba sa ci bayan rana ta take tsaka.

Wasu a ajinmu sun ce wannan ragwanci ne, wai in babu kwaɗayi wa zai yi karatu? Ba mu yarda ba. Son cin jarrabawa daban, ƙishirwa daban. Mai son ya ci yakan buɗe littafi. Mai ƙishirwa kuwa shi ne wanda ya zo na biyu amma ya kasa barci, har ya fara tunanin shiga da takarda cikin safa. Buddha kansa ya yi shekara 6 yana gallaza wa jikinsa da yunwa, ya ga ba ta fisshe shi ba, sai ya koma cin abinci, ya koyar da bin matsakaiciyar hanya.

Inda muka raba gari da shi shi ne tafiyar da ya yi ya bar matarsa Yasodhara da jaririnsa Rahula. Su fa ba dukiya ba ne da za a ajiye. An ce daga baya Rahula ya bi mahaifinsa ya zama almajirinsa, amma da muka yi muhawara, 'yan matan kulob ɗinmu sun ce wannan bai share wa uwar yaron hawaye ba.