Kayan Kakanninmu a Lungunan Kurmi

Duk ɗan Funtua ko Malumfashi da ya biyo ta Dayi da Gwarzo ya shiga Kano, ina roƙonsa ya ware awa ɗaya ya ratsa Kasuwar Kurmi. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa ta a gefen Jakara, kuma har yau lungunanta ƙunci gare su, sai mutum ya karkata kafaɗa kafin mai kaya a ka ya wuce. A rumfunan masu tsofaffin kaya za ka tarar da akushi da ya yi baƙi ƙirin saboda man shanu da hannun masu tuwo, da tasar tagulla, da takobi cikin kuben fata, da likkafa da linzami, da tsohon saƙi mai nauyi a hannu. Abin da ke ci mini rai shi ne irin waɗannan kaya a ɗakunan iyayenmu mata suke, nan ƙasar auduga, inda mazari da alli ba sa rabuwa da hannun tsohuwa. Da ta rasu, magada su kira ɗan gwangwan, a auna tasar aurenta da sikeli kamar tsohon ƙarfe, a ba su kuɗin cefanen kwana biyu. Wadda ta tsira daga narkewa sai ta ɓulla a Kurmi, baƙo daga Turai ya saye. Ban ga laifin ɗan kasuwar ba, shi dai ya san darajarta. Ƙananan hukumomin Funtua da Malumfashi su ware ɗaki guda, su sayi kayan nan daga hannun magada, a rubuta sunan gida da garin da kowanne ya fito, a riƙa kai 'yan makaranta suna gani.