Zauren Iyali: Katunan 'Yan Ƙwallo, Wanne Za A Riƙe?

A wannan wata za mu yi magana a kan wani ɗan abu wanda bai kai tafin hannu ba, amma yakan jawo gardama tsakanin uba da ɗa, watau katin 'yan ƙwallo. Duk lokacin da sabuwar kakar wasa ta gabato a Turai wajen watan Agusta, ko kuwa wata babbar gasa ta ƙasashe, kamfanoni sukan ba da sanarwa cewa sabon jerin katuna yana nan tafe. Tun bai fito ba samari sun riga sun ga hotunansa a waya, sun soma lissafin wanda zai yi tsada nan gaba. Daga nan sai yaro ya zo ya ce, "Baba, a ba ni kuɗi in saya, wannan katin dukiya ne."

Mu sababbin shiga ne cikin wannan sha'ani, kamar yawancin iyaye. Amma sabon shiga yana da tasa riba, gama shi ne ba ya jin kunyar yin tambaya. Tambayarmu kuwa ita ce wadda kowane ɗan kasuwa a Titin Ibrahim Taiwo yakan yi kafin ya sari kaya: idan na saya, wa zai saya a hannuna, nawa kuma?

Ba karta ba ce

Iyaye da yawa da sun ji an ce kati sai ransu ya tafi ga karta. Wannan dabam ne. Ɗan kwali ne mai hoton ɗan wasa, da sunansa, da ƙungiyarsa, da lamba. Akwai kuma na mannawa, wanda akan manna cikin littafi mai gurabe, kowane gurbi da lambarsa, har littafin ya cika.

Asalin abin talla ne. Wajen shekarun 1880 kamfanonin taba a Amurka da Ingila suka riƙa sa ɗan kwali cikin kwalin sigari don kada ya lanƙwashe, suka buga hotuna a kai don mutum ya komo ya sake saye. Daga baya masu cingam suka ɗauka. A shekarar 1961 'yan'uwa masu suna Panini, a garin Modena na Italiya, suka soma sayar da hotunan 'yan ƙwallo a cikin ƙunshi, a 1970 kuma suka fitar da littafinsu na fari na Gasar Cin Kofin Duniya, wadda aka yi a Meziko. Babban abokin hamayyarsu shi ne kamfanin Topps. Nijeriya ta je wannan gasa sau 6, a 1994, 1998, 2002, 2010, 2014 da 2018. Ba ta samu zuwa ta 2022 da ta 2026 ba, saboda haka wanda ke neman shafin Super Eagles a littattafan waɗannan shekaru biyu wahalar banza zai yi.

Dila a rufe

Abu na fari da ya kamata a gane shi ne, ba a zaɓen kati a kanti. Ƙunshi ake saye a rufe, sai an farke a ga abin da ke ciki. Masu sarin gwanjo a Ƙofar Wambai sun san irin wannan ciniki, gama su ma dila suke saye a ɗaure. Bambancin shi ne, mai gwanjo ko dila ta yi masa muni yana da abin sayarwa, amma yaron da ya farke ƙunshi ya tarar da hotunan da ya riga ya mallaka, takarda kurum ya saya.

Bari mu yi lissafi. Littafin Panini na gasar 2022 yana da gurabe 670, kowane ƙunshi kuwa hotuna 5 ne. Da a ce ba a samun maimai, ƙunshi 134 ya isa. Amma maimai dole ne. Da fari kusan kowane hoto sabo ne, yaro yana ta murna. Sa'ad da littafi ya kai kashi tara cikin goma, hoto ɗaya ne cikin goma zai yi masa amfani. Sa'ad da gurbi ɗaya tak ya rage, sa'ar samunsa ɗaya ce cikin 670 a kowane hoto, watau bisa ga matsakaicin lissafi sai ya sake sayen ƙunshi wajen 134 saboda wannan gurbi kaɗai. A shekarar 2018 wani malamin lissafi a Jami'ar Cardiff, Farfesa Paul Harper, ya auna littafin wannan shekara mai gurabe 682, ya ga wanda ya nace shi kaɗai zai sayi ƙunshi wajen 967, kuɗinsu fam 773 na Ingila. Amma idan mutum goma suka haɗu suna musaya, kuɗin kowannensu yakan sauko zuwa wajen fam 247. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Wanda ake sa wa rai

To, wane kati ne zai yi daraja? Masu wannan harka sun fi son katin fari na ɗan wasa, wanda aka buga tun yana yaro bai yi suna ba. Dabarar ita ce a saya da araha yau, a sayar da tsada ran da ya shahara. Maganar tana da daɗin ji. Amma bari mu gwada ta da abin da muka gani da idonmu.

A shekarar 2009 Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, har aka buga waɗansu wasanni a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Sani Emmanuel na Nijeriya ne aka zaɓa gwarzon gasar. A cikin gasar nan akwai wani siririn yaro ɗan Brazil mai suna Neymar, wanda aka fitar da ƙasarsa tun a zagayen fari. Da an ajiye mana katunan yaran nan biyu a ranar an ce mu zaɓa, da yawancinmu na Sani za mu ɗauka, ba kuwa wanda zai ce mun yi wauta. Sani ya tafi Lazio ta Italiya amma bai samu gurbi cikin manyan 'yan wasanta ba. Neymar kuwa a 2017 aka saye shi daga Barcelona zuwa Paris Saint-Germain a kan Yuro miliyan 222.

Ga kuma ɗaya gefen. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a irin wannan gasa a ƙasar Chile a 2015. Ya tafi Wolfsburg ta Jamus, bai ci mata ko ƙwallo ɗaya ba, har aka ba da aronsa ga Charleroi ta Beljiyam a 2018. Wanda ya riƙe katinsa a lokacin zai ce ya yi hasara. Amma a kakar da ta ƙare a 2023 shi ne ya ci ƙwallo 26 ya taimaki Napoli ta ɗauki kofin Serie A na Italiya, aka kuma naɗa shi gwarzon Afirka na shekara. Manyan ƙungiyoyi masu 'yan leƙen asiri da likitoci da miliyoyin kuɗi sukan yi kuskure wajen auna yaro. Balle ɗan makaranta mai kuɗin tara a aljihu.

Ko kamfanin ma hasashe yake yi. Akan buga littafin gasa watanni kafin masu horarwa su bayyana sunayen waɗanda za su tafi. Hoton Leroy Sane yana cikin littafin 2018 amma Jamus ta bar shi a gida. Hoton Sadio Mane yana cikin na 2022, amma ya ji rauni ana saura kwanaki kaɗan, Sanigal ta buga gasar ba shi.

Abin da ke sa kati tsada

Gaskiya ne akwai katunan da suka yi kuɗi mai ban tsoro. A 2022 an sayar da katin Pele na shekarar 1958, wanda aka buga a Suwidin, a kan dala miliyan 1.33. Irin wannan labari ne ke ɗaukar hankalin samari. Amma me ya sa ya yi tsada? Domin a 1958 ba wanda ya ɗauke shi dukiya. Yara sun yi wasa da nasu, sun yage, sun yar, kaɗan ne suka rage da kyaunsu. A Amurka kuwa, wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, mutane suka farga, kowa ya riƙa sayen katuna yana ɓoyewa, kamfanoni kuma suka buga su rututu. Yawancin katunan wannan zamani yau ba su da wata daraja. Haka kuma farashi ya hau sama ƙwarai a 2020 da 2021 lokacin annobar korona, ya komo ya faɗi daga 2022.

'Yan Kantin Kwari ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan. Sabon zanen atamfa yakan shigo da tsada, kowa yana rububi. Bayan 'yan makonni sai kwaikwayonsa ya cika kasuwa, farashi ya karye, wanda ya tara da yawa yana jiran ƙari ya kwana ciki. Kati ma haka ne, yana da na asali da jabu. Wanda ya zo cikin cingam ko alewa, ba sunan kamfani, ba lamba, abin wasa ne kurum, ko da hoton wa ke kai. Na asalin ma sai ya kasance bai karye ba, bai goge ba, gefensa bai tauye ba. Katin da ya sha zufar aljihu da ƙurar hunturu ya riga ya fita daga lissafi. Bayan wannan duka da sauran tambayarmu ta fari. Atamfa tana da masu saye daga Fagge har Nijar da Chadi. Masu biyan dala a kan kati kuwa yawancinsu suna ƙetare, sai an aika, an tantance, an biya kuɗin aikawa da na dillali.

Zaɓinmu

Duk da haka ba za mu guje wa tambayar ba. Idan sabon jeri ya iso, ga waɗanda za mu ce wa yaro ya riƙe.

Na fari, katin wanda ya riga ya yi abin da ba za a iya sharewa ba. Ademola Lookman ya ci ƙwallo 3 a wasan ƙarshe na Kofin Europa a 2024, ya zama gwarzon Afirka na wannan shekara. Ko ya daina wasa gobe, wannan yana nan.

Na biyu, idan dole sai an yi hasashe a kan yaro, a ɗauki wanda ya riga ya gwada kansa cikin manya. Lamine Yamal ya ɗauki kofin Turai da Sifen a 2024, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 17. Amma fa a sani, duniya duka ta san shi, kowa yana ajiye katinsa, abin da kowa ya ajiye kuwa da wuya ya yi ƙaranci.

Na uku, katin da ke tuna wani abu na fari a tarihi, kamar shafin Kef Bad, 'yar ƙaramar ƙasar tsibirai wadda ta samu gurbin gasar duniya karo na fari domin gasar 2026.

Na huɗu, shi ne kuwa muka fi so, katin na gida. Ahmed Musa ya buga wa Kano Pillars kafin ya tafi Turai, ya ci Ajantina ƙwallo 2 a gasar 2014, ya ci Aislan 2 a ta 2018. Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato, shi ma tsohon ɗan Pillars, yana cikin waɗanda suka je Rasha a 2018. Mai yiwuwa irin waɗannan katuna ba za su taɓa yin dala ba. Amma bayan shekara ashirin yaro zai nuna wa nasa ɗan ya ba shi labari, wannan riba kuwa farashin kasuwa ba ya taɓa ta.

Ga iyaye

Ba mu ce a hana yara ba. Tara katuna yana koya musu sunayen ƙasashe da tutoci, da ƙidaya, da adana kaya, da haƙuri. Haɗarin yana wuri ɗaya, wajen farke ƙunshi. Ranar da yaro ya daina duban hotunan, ya zama abin da yake so shi ne bugun zuciyar nan na ko wannan karon zai dace, ya soma koyon caca ke nan ba tare da ya taka shagon caca ba. Irin wannan ƙunshi yana cikin wasannin ƙwallo na kwamfuta da waya ma, har hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa sayar da shi da kuɗi caca ne.

Saboda haka ga shawararmu. A yanka wa yaro abin da zai kashe a wata, a gaya masa tun da wuri, in ya ƙare ya ƙare. Kada kuɗin makaranta, ko na cefane, ko na baiko ya shiga ciki, kada kuma a ci bashi. A ƙarfafa musaya, gama lissafin malamin nan ya nuna yara goma masu musaya sun fi mai kuɗi ɗaya da ke saye shi kaɗai. A sa ido kada babba ya cuci ƙarami wajen musayar, ya karɓi mai kyau ya ba shi maimai. A hana wasan da ake zuba katuna wanda ya ci ya kwashe duka. Uba kuma ya zauna ya duba littafin tare da ɗansa, ya tambaye shi wane ne wannan, daga wace ƙasa. Idan yaro ya ce katin nan zai yi tsada, kada a yi masa tsawa. A ce masa, "To, ɗana, wa zai saya, a ina yake, nawa kuma zai biya?" A bar shi ya nemo amsa. In ya iya wannan tambaya tun yana ɗan shekara goma sha biyu, za ta tsare shi ran da wani ya zo masa da zancen zuba dubu goma a kwashi dubu ɗari.

Masu 'ya'ya da suka riga suka shiga wannan harka, ku rubuto mana yadda kuke yi a gidajenku, domin waɗansu su ƙaru. Sai wata mai zuwa, ku huta lafiya.