Ranar Batman: Bikin Masoya, Ribar Mai Haƙƙi

A kowace shekara cikin watan Satumba, masoyan Batman a Amurka da wasu ƙasashe kan yi bikin girmama wannan jarumi na littattafan zane, wanda ya fara fitowa a mujallar Detective Comics ta 27 a shekarar 1939. Kamfanin DC, mai haƙƙin mallakar jarumin, shi ne ya ƙirƙiro ranar a 2014, lokacin da Batman ya cika shekara 75. Akan raba littattafai kyauta a kantuna, a sake nuna tsofaffin finafinansa. A 2019 ma har haska tambarinsa na jemage aka yi a jikin gine-gine a birane irin su Landan da Tokyo.

A ganinmu, wannan biki dabarar ciniki ce. Wanda ya shiga kanti karɓar littafi ɗaya kyauta, da wuya ya fita bai sayi riga ko abin wasan yara ba. Masoya su ke ɗaukar wahalar biki, kuɗi kuwa na komawa ga mai haƙƙi. Fim ɗin Batman na 1989 shi kaɗai ya tara sama da dala miliyan 400 a duniya.

To, amma su wa suka ci moriyar? Bob Kane, wanda ya zana jarumin, ya ƙulla yarjejeniyar da ta sa sunansa kaɗai ke fitowa. Bill Finger, marubucin da ya tsara yawancin siffofin Batman, ya mutu cikin talauci a 1974, kuma sai a 2015 kamfanin ya fara sanya sunansa. Kazalika, waɗanda suka ƙago Superman sun sayar da haƙƙinsu kan dala 130 kacal a 1938.

Bisa dokar Amurka, haƙƙin labarin farko na Batman zai ƙare a 2035, amma tambarin kasuwanci yana nan muddin ana amfani da shi. Ko shakka babu, bikin shekara-shekara na ƙara ɗaure sunan ga kamfanin a zukatan masu saye.

Saboda haka duk ɗan kasuwa ko marubucin da ya ƙago suna mai farin jini, ya yi masa rajista tun da wuri, ya kuma karanta yarjejeniya da kyau kafin ya sa hannu, kada kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.