WA YA CE KA GOGE WA UWATA BILLE?

Na san da yawanku kun leƙo ne domin jin ci gaban labarin da muka tsaya a kai makon jiya, to ku yi mani afuwa, yau alƙalamin ya ƙi bi ta can. Akwai abin da ya tokare mani ƙirji tun watan da ya wuce, wanda in ban amayar da shi ba, ko na zauna rubuta soyayya faɗa ne zai fito.

Hoton mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, guda ɗaya tak gare mu na ƙuruciyarta. An ɗauke shi a wani ɗakin hoto a farkon shekarun 1980, tana zaune a kujera, ga fulawar roba a gefenta, ni kuma ina kan cinyarta ban isa yaye ba. Hoton ya sha jiki, kalarsa ta koɗe, ruwa ya taɓa gefensa, ga wata karaya da ta ratsa ta kafaɗarta. Ƙannena suka ce a kai a gyara a faɗaɗa shi domin kowa ya samu nasa ya rataye a ɗaki. Na ɗauka na kai wani shagon kwamfuta da aka yaba mani aikinsa, na iske wani matashi mai ladabi, na ce masa, “Ɗan samari, ga amana. Ka ɗinke mani wannan karayar, ka dawo da kalar, shi ke nan.” Ya ce, “An gama Hajiya.”

Bayan kwana uku na koma. Ya miƙo mani firam yana murmushi irin na wanda ya yi abin kai. Na duba, na sake dubawa. Zanen jikinta na Inna ne, ɗaurin ɗankwalin nata ne, jaririyar ma ni ce, amma matar da ke riƙe da ni ban taɓa ganinta ba. Inna baƙa ce, baƙi mai sheƙi, wannan kuwa fara ce tas. An matse mata hanci. Billen da ke kuncinta na hagu, wanda nakan sa yatsa in bi ina ƙarama, babu shi babu alamarsa. Na ce, “Ina billen?” Ya ce, “Au, Hajiya ai na ɗauka tabo ne shi ya sa na share. Hasken kuma kyauta na ƙara maki, ban sa shi cikin kuɗin ba.”

Kyauta! Jama'a ku ji fa. An karɓe mani uwa an ba ni baƙuwa, kuma ana jira in yi godiya. Ban zage shi ba, domin na lura har zuciyarsa alheri ya yi mani, kuma wannan ne ya fi ci mani rai. Na karɓi tsohon hotona na fito.

Kafin wani ya ce tsohuwa ta tashi yaƙi da zamani, bari in faɗa tun yanzu, ba ni da rigima da kwamfuta. Manhajar da yaron ya yi aiki da ita, Photoshop, wasu 'yan'uwa biyu ne a Amurka, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙiro ta, kamfanin Adobe ya fitar da ita kasuwa a 1990. A 1994 aka ƙara mata dabarar ɗora aiki hawa-hawa, ta yadda kowane gyara zai zauna a shimfiɗarsa daban, in bai yi ba a cire shi ba tare da an taɓa asalin hoton ba. Akwai makamin da ke ɗebo fata mai kyau daga wani gefe ya liƙa a inda takarda ta yage, da shi aka ɗinke karayar kafaɗar Inna har ba a gane wurin, kuma na yaba. To da wannan makamin dai aka share billen. Akwai kuma wanda suke kira Liquify, mai jan hoto kamar ƙullin fulawa, shi ne na matse hanci da rage ƙugu. Wuƙar da aka yanka ragon suna da ita, ita ce dai ake aikata ɓarna da ita. Tambayata ga mai riƙe da wuƙar ce.

Kuma na yarda hoton baƙar fata yana buƙatar gyara. Shekaru da dama kamfanin Kodak da hoton Baturiya yake auna daidaiton kala a wurin wankin hoto, shi ya sa a tsofaffin hotunanmu za ka ga fuska ta dushe sai ido da haƙora. Wanda ya ƙara haske domin a ga fuskar mutum kamar yadda ido ke ganinta da rana, gyara ya yi. Wanda ya canja wa mutum launi, ya rage nan ya ƙara can, ƙarya ya shirga, ko da kuwa da kyakkyawar niyya. Ma'aunin ba shi da wuya: in ɗan mutum zai kalli hoton ya ce “wannan ce uwata,” an yi gyara. In sai an gaya masa, an yi ƙarya.

Masu aikin jarida na duniya sun daɗe da ja wannan layi. Manyan kamfanonin dillancin labarai sun yarda a datse gefen hoto, a daidaita haske da kala, amma ba su yarda a ƙara wani abu ko a cire ba. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta kori mai ɗaukar hotonta saboda ya haɗe hotuna biyu na yaƙin Iraƙi ya mai da su ɗaya. A watan Maris na 2024 kamfanonin AP da Reuters da AFP suka janye hoton Kate, matar Yarima William na Ingila, da 'ya'yanta, bayan sun gano an taɓa shi, har sai da ta fito ta ba da haƙuri. Matar yarima ke nan ba a ɗaga mata ƙafa ba.

Amma abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne inda gyaran ke karkata idan aka zo kan baƙar fata. A watan Yuni na 1994, lokacin da aka kama O.J. Simpson bisa zargin kisan kai, mujallun Time da Newsweek duk sun sa hoto iri ɗaya na 'yan sanda a bangonsu. Newsweek ta bar shi yadda yake, Time kuwa ta ƙara masa duhu. Da aka jera su a wurin masu sayar da jarida kowa ya ga bambancin. A 2017 manhajar FaceApp ta fito da wani maɓalli na ƙara kyau, sai aka ga duk baƙin da ya danna fari yake komawa, har mai kamfanin ya nemi gafara. A shekarar dai mujallar Grazia ta Ingila ta share wa Lupita Nyong'o, jarumar fim 'yar Kenya, gashinta na asali a bango, ta fito ta nuna ɓacin ranta, mai hoton ya ba ta haƙuri. Kun ga lissafin? In ana son a nuna mugu sai a ƙara baƙi, in ana son a nuna kyakkyawa sai a rage shi. Wannan karatun ne yaron shagon ya haddace ba tare da ya san ya haddace ba.

To mu dawo gida. Ɗauki kalandar biki, irin wadda ake rabawa a wurin kamu ko dina. Sau nawa ka karɓa ka kalli amarya a takarda, ka ɗaga kai ka kalli amarya a kujera, ka rasa wace ce wace? Lokacin zaɓe ka dubi fastocin da ke manne a bangon gari, ɗan takara mai shekara saba'in ba ko tamoji ɗaya a goshinsa. Da can sai an je shago an biya, yanzu kuwa wayar da ke hannun 'yarka ita ke yin aikin tun kafin a ɗauki hoton, tana murje fuska tana ƙara fari. Yarinya ta saba da fuskarta ta cikin waya, ta zo gaban madubi ta ga wata daban, wace kake jin za ta tsana? Daga nan sai kantin man shafawa. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo alƙaluman da ke cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da kayan sa fari, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Wasu mayukan akwai sinadarin makyuri a ciki, wanda ke lalata ƙoda. Ban ce hoto kaɗai ya jawo wannan ba, amma mai hura wuta ba zai ce ba ruwansa da gobara ba.

Yanzu na zo inda ya fi yi mani ɗaci. Da na koma gida ina ta faɗa, 'yata ta fari ta bari na yi shiru, sannan ta ce, “Umma, a littattafanki wace jaruma ce baƙa?” Na buɗe baki na rufe. Daren nan na sauko da kwalin littattafaina na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowace tauraruwa fara ce, doguwa, mai dogon hanci da gashi har gadon baya, in ba ruwa biyu ba ce to kakarta Balarabiya ce. Baƙa kuwa ita ce muguwar kishiya, ko 'yar aiki, ko ƙawar da ke kai saƙo. Sau ɗaya na yi jaruma mai duhu, shi ma sai da na bi ta da “amma”, wai baƙa ce amma kyakkyawa, kamar mai ba da haƙuri. Bangon littattafan fa? Ni da ƙafata nakan je wurin mai tsara bango in tsaya a bayansa in ce a ƙara mata haske, domin 'yan kasuwa sun ce bango mai farar mace ya fi tafiya. Wasu cikinmu ma hoton 'yar fim ɗin Indiya suke ɗorawa a kan labarin da ya faru a Fagge. Yau da aka koma sakin labari a WhatsApp da Wattpad, bangon ya ƙara nisa da mu, matan da ake sawa wasu ma ba mutane ba ne, kwamfuta ce ta ƙaga su.

Saboda haka 'yan'uwana marubuta, yaron nan ɗalibinmu ne. Wataƙila a ɗakin yayarsa ya taso yana jin ana karanta littattafanmu. Mu muka shekara ashirin muna goge bille da alƙalami, shi ya zo ya ƙarasa da kwamfuta. Laifin daɗi ƙarewa, laifin tuwo kuwa ba a ɗora wa miya.

Na san amsoshin da za a ba ni. Masu shago za su ce abin da masu kawo aiki ke so ke nan, in ba ka ƙara haske ba a ce ba ka iya ba. Gaskiya ne akwai masu so. To wadda ta ce a mai da ita fara, fuskarta ce, ita ta sani. Amma ni wa ya tambaye ni? Inna da ke kabari wa ya tambaye ta? Abin da nake ƙi shi ne a mai da farin ya zama shi ne ƙa'ida, har sai mutum ya roƙa kafin a bar masa launinsa. Wasu za su ce ai kwalliya ma gyara ce, me ya raba jan baki da kwamfuta? Abin da ya raba su shi ne kowa ya ga kwalli ya san kwalli ne, kuma da dare za a wanke. Hoto kuwa shaida ne, shi za a nuna wa jikoki a ce ga kakarku. Billen Inna ba ado ba ne kawai, wanzami ne ya yi mata shi tana jaririya kamar yadda aka yi wa uwarta, yana faɗin gidan da ta fito. Yanzu an daina tsaga, ban kuma ce a dawo da ita ba, amma wannan ne ma ya sa hotunan da suka rage suke da daraja. In muka bi su duk muka goge, nan da shekara hamsin yaro zai rantse kakanninsa ba su taɓa yin tsaga ba, kuma duk farare ne.

Wasu ƙasashen har doka suka yi. A Faransa tun daga Oktoba 2017 duk hoton talla da aka rage ko aka ƙara wa jikin mai tallar dole a rubuta cewa an taɓa shi, in ba haka ba tarar Yuro 37,500. Norway ta bi sahu a 2022, tata dokar har da gyaran fata. Ni ban nemi doka ba, mun ga yadda doka kan zama sanda a hannun wanda bai san rubutu ba. Abu uku kawai nake roƙo. Masu gyaran hoto, ku riƙa tambaya kafin ku taɓa fuskar mutum, kuma ku ajiye asalin hoton gefe guda kada ku yi aiki a kansa. Masu kai aiki, ku buɗe baki ku faɗi abin da kuke so da wanda ba ku so, kada ku ba da tsohon hoto sai an yi masa sikanin a gabanku an miƙo maku abinku. Mu kuma marubuta, mu ji kunya mu gyara.

Na koma shagon bayan mako guda, na ja kujera na zauna kusa da yaron. Ya buɗe aikin, ashe duk gyaran yana nan hawa-hawa. Ya kashe shimfiɗar fari, ya kashe ta hanci, ya kashe ta kunci, sai ga Inna ta dawo da billenta tana kallona. Ya yi shiru, can ya ce, “Hajiya, wallahi ta fi kyau a haka.” Na ce, “Da ma can haka take, ɗana.”

Labarin da muke ciki zai ci gaba mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wanda zai biyo bayansa kuwa na riga na fara shi, jarumar baƙa ce, kuma babu “amma” a bayanta. 'Yan kasuwa su yi haƙuri.

Wassalam.