Zuwa ga masu duba ciwon damuwa a Anka, Gummi da Bukkuyum



Kun zauna inda wasu suka gudu, Allah Ya saka muku da alheri. Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Wasunku yanzu ba su da zance sai na na'ura. Gaskiya ne, a 2020 Amit Etkin na Jami'ar Stanford da Madhukar Trivedi na Texas sun bi bayanan marasa lafiya 309, suka nuna cewa awon lantarkin ƙwaƙwalwa, wato EEG, idan kwamfuta ta tace shi, yana iya hasko wanda maganin damuwa na sertraline zai yi wa aiki. Madalla. Sai dai ko a Amurka bai zama awon yau da kullum ba, ku kuwa kun mai da rashinsa uzuri.

Mace ta taso daga Tungar Daji, ɗaya daga garuruwan da gubar dalma ta kashe wa yara a 2010, ga 'yan bindiga sun tare hanyar gona. Ta ce kanta na zafi, barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga. Kafin ta rufe baki an rubuta amitriptyline, ko ma maganin taifot da ƙarin ruwa. Wa ya tambaye ta 'ya'ya nawa ta binne? Wa ya gaya mata baki zai bushe, jiki ya yi nauyi, sauƙi kuwa sai bayan mako biyu zuwa huɗu? Kwana biyar ta watsar da ƙwayar, ku ce magani ya ƙi. Wace na'ura ce za ta gyara wannan sakaci?

Haba! A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Lambo ya zaunar da marasa lafiya da danginsu a ƙauyukan Aro, kusa da Abeokuta, ana ganinsu kullum. Mu da muka taso a kan koyarwarsa, ba ma sallamar mutum sai mun san wanda zai riƙe masa magani a gida.

Ku yi haƙuri in na ɗaga murya. Babban binciken STAR*D na 2006 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku ne ke warkewa da maganin farko, don haka dawowar maras lafiya ita ce rabin aikin. Ku sa mata ranar dawowa. Ku tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin halaka kanta, in ta amsa kada ku damƙa mata amitriptyline na wata guda, yawansa na kisa. Wadda ta fi ƙarfinku ku tura ta asibitin ƙwaƙwalwa na Kware da takarda a hannu.

Wassalam,
Tsohon ma'aikacin jinya