Barin Nama Da Nono: Darasi Daga Azumin Maƙwabtanmu Habashawa

A 'yan shekarun nan wata muhawara ta ratso wayoyinmu daga Turai da Amurka: shin mutum zai iya rayuwa da tsirrai zalla, ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ya kuma zauna lafiya? In Kirista ne, addininsa ya yarda da haka? Masu wannan tsari sun samu sunansu na "bigan" a Ingila a 1944, lokacin da Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyarsu. Mu Hausawan gabashin Sudan, mazauna Gadarif da Kasala, ba sai mun tsallaka teku neman amsa ba. Tana nan bayan iyaka, cikin akushin maƙwabtanmu Habashawa.

Kiristanci ya zama addinin masarautar Aksum tun ƙarni na 4, zamanin Sarki Ezana, kuma cocin Otodoks na Habasha na daga cikin mafi yawan azumi a duniyar Kirista. Mabiyansa na azumtar Laraba da Juma'a a mafi yawan makonnin shekara, ga babban azumi na kwana 55 kafin Ista, ga wasu azumomin a tsakani. In an haɗa, gama-garin mabiya na azumtar wajen kwana 180 a shekara, limamai da masu zaman zuhudu kuwa wajen 250. A waɗannan kwanaki ba a taɓa nama, ko madara, ko man shanu, ko ƙwai. Ana buɗe baki da injera, wainar nan ta garin tef mai kama da kisra, da miyar adas, da shiro ta garin wake, da ganyaye. Mahauta da yawa kan rufe rumfunansu sai Ista ta zo. Kibɗawan Masar da na nan Sudan su ma suna da tsari makamancin wannan. Wanda ya ce barin nama baƙo ne a Kiristanci, bai dubi gabas ba.

Sai dai barin nama ibada ce a wajensu, ba don naman haramun ne ba. A nan Littafi Mai Tsarki na Kirista ya raba gardama. A farkon Littafin Farawa tsirrai da 'ya'yan itatuwa aka bai wa ɗan Adam abinci, sai bayan ruwan tufana aka halatta wa Nuhu da zuriyarsa nama. Daniyel da abokansa sun ƙi abincin fadar Babila, suka nemi a gwada su kwana 10 da kayan lambu da ruwa, aka kuma same su sun fi sauran samari kyawun jiki. A ɗaya ɓangaren, Bisharar Luka ta kawo cewa Yesu Almasihu ya ci gasasshen kifi a gaban almajiransa. Manzo Bulus kuma, a sura ta 14 ta wasiƙarsa ga Romawa, ya hana mai ci ya raina mai bari, ya hana mai bari ya hukunta mai ci. Ke nan Kirista na da damar barin nama don horon kai, ko tausayin dabba, ko neman lafiya. Abin da ba shi da dama shi ne ya mayar da akushinsa ma'aunin imanin ɗan'uwansa.

Saura batun lafiya, kuma a nan ne muke ganin haɗarin ya fi girma. Alherin tsirrai ba abin musu ba ne. Tun 2002 Jami'ar Loma Linda ta Amurka ke bin lafiyar mabiya ɗarikar Adbentis wajen 96,000, ta kuma gano cewa masu barin nama a cikinsu sun fi ƙarancin ƙiba da ciwon suga da hawan jini. Hatsi da wake in sun haɗu suna cika wa juna sinadarin gina jiki, abin da iyayenmu suka daɗe suna yi da tuwo da miyar daddawa, da ɗanwake, da ƙosai da koko, ba tare da sun ba shi suna ba.

Amma akwai giɓi ɗaya da gero da zogale ba sa cikewa: bitamin B12. Ƙwayoyin bakteriya ke samar da shi, mu kuma muna samunsa ta nama da kifi da ƙwai da nono. Baligi na buƙatar wajen maikirogiram 2.4 a rana, ɗan ƙanƙanin abu, amma rashinsa na jawo ƙarancin jini, da mutuwar yatsu, da lalacewar jijiyoyi wadda wani lokaci ba ta gyaruwa. Hanta na ajiye shi na shekaru, shi ya sa mai bari kan ji garau da farko, ya zaci ya dace, alhali rumbunsa ke zurarewa a hankali. Jaririn da ke shan nonon uwar da ta rasa shi ya fi kowa shiga haɗari, domin ƙwaƙwalwarsa na tsakiyar ginuwa. Sinadarin ƙarfe na cikin tsirrai shi ma jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi. Lemon tsami na taimakonsa, shayin da muke kora abinci da shi kuwa na tauye shi. Dalilin haka masana suka rabu a 2016: ƙungiyar masana abinci ta Amurka ta ce tsarin ya dace da kowane mataki na rayuwa in an shirya shi da kyau, takwararta ta Jamus kuwa ba ta ba masu ciki da masu shayarwa da yara shawarar binsa ba.

A nan hikimar tsohon tsarin Habasha ke bayyana. Azuminsu yana da farko yana da ƙarshe. Ranar Ista kaza da ƙwai na komawa tukunya, jiki ya mayar da abin da ya rasa. Cocin kuma ya ɗauke wa ƙananan yara da marasa lafiya da masu ciki nauyin, ko da yake akwai matan da ke ƙin karɓar rangwamen saboda tsananin ibada. Barin dabba har abada wani abu ne daban, kuma mai zaɓensa ba makawa sai ya riƙa shan ƙwayar B12.

Saboda haka matsayinmu shi ne: baligi Kirista da ya zaɓi tsirrai zalla bai saɓa wa addininsa ba, bai kuma cuci jikinsa ba muddin ya toshe wannan giɓi. Amma kada a ɗora wa yaro abin da aka tsinto a waya ba tare da shawarar likita ba, musamman a wannan lokaci na yaƙi da tsadar abinci, da kofin nono ko ƙwai ɗaya ke iya zama garkuwar yaro. Idan kuma maƙwabcinmu Bahabashe ya mayar da naman da muka aika masa ranar Laraba, kada mu ɗauka raini ne. Mu aika masa da ƙosai.